Mai Gaskiya ko Marar Kunya: Abin da Agustan 1950 Ya Nuna

A watan Agustan 1950 an yi abubuwa biyu a Arewacin Najeriya waɗanda ya kamata a ajiye su kusa da juna a dube su. Ran 8 ga wata wasu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Kafin watan ya ƙare kuma, wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a zauren Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya gabatar da ƙudurin a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin mulkin En'e. Bai yi rufa-rufa ba. Ya soki tsarin da ya bar sarki shi kaɗai da wuƙa da nama, ya ce ba a shawartar talakawa a kan abin da ya shafe su, ya kuma ce cin hanci ya ratsa ma'aikatun En'e daga sama har ƙasa.

Wanda ya karanta wannan jawabi, sannan ya karanta abin da 'yan NEPU suka riƙa faɗa a bakin kasuwa, zai tarar ƙorafin kusan ɗaya ne. Amma bayan shekara bakwai Malam Abubakar ya zama Firayim Ministan Najeriya, a 1960 kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir. Su kuwa 'yan NEPU, abin da da yawa daga cikinsu suka samu shi ne bulala da tara da gidan yari, ga kuma sunan da aka laƙaba musu na marasa kunya, masu zagin iyayen ƙasa.

Yawancinmu muna ɗauka cewa idan muka so mai tsage gaskiya, don gaskiyarsa muka so shi, idan kuma muka ƙi shi, don rashin iya bakinsa ne. Tarihin waɗannan shekaru yana nuna wani abu daban. Kafin mutane su auna maganar, sukan fara duba wa ke tsaye bayan mai ita, da wanda ya nufa da ita, da kuma abin da zai same su idan aka ga sun gyaɗa masa kai.

Bakunan da aka yi wa izini

A 1974 Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulkin mallaka wanda ya koma malamin jami'a, ya wallafa wata lacca a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma, na farkonsu gaskiya, a cikinsu kuma akwai kunya da ladabi da mutunci. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san waɗannan halaye ba kullum suke zaman lafiya da juna ba. Akwai ranar da gaskiya za ta ce ka faɗa, kunya ta ce ka yi kawaici. Shi ya sa harshenmu ya tanadi suna biyu ga hali ɗaya. Mutumin da ya faɗi abu ɓaro-ɓaro, in ana sonsa a ce ba ya tsoron gaskiya komai ɗacinta, in ba a sonsa a ce tsaurin ido gare shi, ko a ce bakinsa ba linzami.

Al'adar ba ta hana faɗin gaskiya ba, sai dai ta ware bakunan da ta yarda su faɗe ta. Jika yana gaya wa kakarsa abin da ɗanta ba zai iya ko tunaninsa ba. Taubashi yana tsokanar taubashinsa a gaban jama'a a yi dariya. Bafulatani da Babarbare suna jifan juna da maganar da in wani ne ya yi ta sai an raba faɗa. A fada ma akwai wawan sarki, wanda ke shigar da magana mai nauyi cikin rigar wasa, akwai kuma waziri, wanda ake sa ran zai gaya wa sarki gaskiya bayan fadawa sun watse. A duk waɗannan wurare izinin ya riga maganar. Jama'a sun amince tun farko cewa wannan baki yana da damar faɗa, saboda haka abin da ya fito daga cikinsa ba ya zama fitsara.

Siyasar jam'iyyu ta zo da wani sabon abu, wato mutanen da suka ɗauki damar faɗa ba tare da kowa ya ba su ba.

Malamai uku a Bauchi

Abin mamaki, masu jawaban nan biyu daga tukunya ɗaya suka sha. A wajajen 1943 akwai wani zauren muhawara a Bauchi inda 'yan boko da ma'aikatan En'e da Turawa kan zauna su tattauna al'amuran ƙasa. Mutum uku suka yi fice a cikinsa. Akwai Malam Sa'adu Zungur, malamin addini kuma ɗan boko, ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba. Akwai Malam Abubakar, wanda aka haifa a 1912, ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi. Akwai kuma wani saurayi Bakano, Malam Aminu, haifaffen 1920, wanda ya zo wannan makaranta koyarwa bayan ya gama Kwalejin Kaduna. Da muhawara ta fara taɓa ikon sarakuna da albashinsu, hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, zauren ya mutu.

Idan asali ne ke ba mutum damar magana, to Malam Aminu ya fi Malam Abubakar ita. Shi ɗan gidan malamai ne da alƙalai na Genawa, mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aiki a kotun alƙalin Kano. Mahaifin Malam Abubakar kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a gidan hakimi. Dukansu biyu sun je Landan karatun aikin koyarwa, ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ba jini ne ya raba su ba, ba kuma ilimi ba. Abin da ya raba su shi ne inda kowannensu ya tara yardar jama'a kafin ya buɗe baki.

Asusun yarda

A 1958 wani masanin halayyar jama'a Ba'amurke, Edwin Hollander, ya yi bayanin wani abu da dattawanmu suka daɗe da sani. Ya ce kowane mutum a cikin ƙungiya yana da wata ajiya ta yarda, kamar asusu. Yana zuba mata ta hanyar bin ƙa'idojin ƙungiyar da nuna cewa yana da amfani a gare ta. Ranar da ya saɓa wa ra'ayin mutanensa, daga wannan ajiya ake cirewa. Mai ajiya da yawa yana iya faɗin abin da ba a saba ji ba a saurare shi. Wanda asusunsa ba kome, ko tari ya yi sai a ce ya yi rashin ladabi.

Malam Abubakar ya shiga Agustan 1950 da cikakken asusu. Ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin En'en Bauchi ba a taɓa jin kansa da fada ba. An san shi da natsuwa da taƙaita magana. Mafi muhimmanci, tun 1947 yana wakiltar Arewa a Majalisar Dokoki ta Legas, kuma a can ne ya fara nuna kaifin harshensa. Ya gaya wa 'yan siyasar Kudu a fili cewa tun haɗewar 1914 a takarda kawai Najeriya take ƙasa ɗaya, kuma Arewa ba za ta yarda a ja ta da gudu zuwa inda ba ta shirya ba. Jaridun Legas sun yi masa ca, amma a gida wannan magana ta ƙara masa daraja a wurin sarakuna da Turawa baki ɗaya. Gaskiyar da aka jefi bare da ita ba ta rage wa mutum kome a wurin danginsa, ƙara masa take yi.

Don haka ranar da ya juyo da harshen nan gida, sarakuna da yawa sun ji zafi, amma ba wanda ya iya cewa maƙiyin Arewa ne ke magana. An ɗauke shi a matsayin mai ɗaki wanda ya san inda yake masa yoyo. Gwamnati ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka yi nazarin ƙananan hukumomin lardunan Arewa. Cikin 'yan shekaru aka soke matsayin sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka ɗaura shi da majalisarsa, aka kuma yi sabuwar dokar En'e a 1954. Shi kuwa mai ƙudurin ya shiga jam'iyyar NPC tare da Sardaunan Sakkwato, ya zama minista a Legas a 1952.

Malam Aminu ya bi wata hanya. Tun yana saurayi ya rubuta ƙasida yana sukar En'en Kano. Daga Bauchi aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi NEPU, a 1953 ya zama shugabanta. Bai tara kome a asusun fada ba, kuma bai nemi tarawa ba. Asusunsa yana wurin teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da manoman da haraji da jangali da aikin tilas suka gallaba. A wurinsu, tun ranar farko shi mai gaskiya ne. Ke nan tambayar ko ana son mai tsage gaskiya ba ta cika ba sai an ce su wa.

Kuɗin gyaɗa kai

To in talakawa sun fi yawa, kuma suna sonsa, me ya sa sunan marasa kunya ne ya bi 'yan NEPU shekara da shekaru? Amsar tana cikin abin da mutum zai biya idan aka ga ya yarda da su. A wancan zamani kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke. Dagaci ne ke yanka haraji, hakimi ne ke ba da izinin taro, En'e ce ke ɗaukar aiki. Mutumin da aka gani a taron Sawaba yana iya wayar gari harajinsa ya ƙaru, ko a kama shi da laifin zagin sarki, ko surukansa su matsa a raba aurensa. A Kano kuma, daga 1953, ga 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata suna far wa magoya bayan jam'iyyar. A irin wannan hali, kiran ɗan NEPU marar kunya wata garkuwa ce. Wanda ya faɗa a majalisar ƙofar gida yana sanar da masu kai rahoto ne cewa shi ba ya ciki. Maganar da aka maimaita don tsoro kuwa, in ta daɗe, sai mai faɗinta ya fara gaskata ta.

Zaɓuɓɓukan lokacin sun nuna haka. A 1951 zaɓe hawa-hawa ne, kuma En'e tana da damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe. NEPU ta yi nasara a matakan farko a birnin Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisa ba. A 1954 Malam Aminu ya sha kaye a hannun Maitama Sule. Sai a 1959, da aka yi zaɓen kai tsaye da ƙuri'ar asiri a duk Arewa, ya ci kujerar Kano ta Gabas. Ko a lokacin kujeru 8 NEPU ta samu, NPC na da 134.

Idan mai maganar mace ce, kuɗin ya ninka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta riƙa magana a kan auren wuri da ilimin mata da 'yancinsu na ƙuri'a tun farkon shekarun 1950. An ɗaure ta fiye da sau goma, an lakaɗa mata duka, an kore ta daga Kano. Namijin da ya yi irin maganarta ana iya ce masa ɗan tawaye, ita kuwa mutuncinta aka fara taɓawa. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a 1976.

Akwai hujjar da za a iya kawowa a nan, kuma tana da ƙarfi. Za a ce maganganun biyu ba ɗaya ba ne. Malam Abubakar gyara ya nema don sarauta ta ɗore, ita kuwa takardar manufofin Sawaba ta 1950 ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Wanda ya ce a gyara rufi da wanda ya ce a sake gini ba za a karɓe su da fuska ɗaya ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya faru a 1963 ya nuna bambancin manufa bai isa ya bayyana kome ba. A 1962 gwamnatin Sardauna ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, a shekara mai zuwa kuma Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ba a yi sarkin da ya fi shi ƙarfi a zamaninsa ba, ya yi murabus aka kai shi Azare. Zargin da ɗan NEPU zai yi ya kwana a gidan yari, da ya fito daga Kaduna sai ya zama rahoton hukuma.

Da iska ta juya

Bayan juyin mulkin Janairun 1966, wanda a cikinsa aka kashe Malam Abubakar da Sardauna, ginshiƙan tsoron nan suka fara zubewa. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida. Cikin 'yan shekaru aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma gyaran ƙananan hukumomi ya ƙarasa abin da ya rage. Janar Gowon ya naɗa Malam Aminu kwamishinan tarayya a 1967, ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali da hawansu.

Malam bai sauya harshe ba. Farar rigarsa da jar hularsa da gidansa na Gwammaja duk suna nan yadda suke. Abin da ya sauya shi ne gyaɗa masa kai ya daina jawo wa mutum bulala. Da ya rasu ran 17 ga Afrilun 1983, halin da aka kira fitsara a 1953 ya riga ya koma abin yabo. Yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin sunansa suke ɗauke da shi, gidan Mambayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Akwai babban asibiti a Zariya da sunan Gambo Sawaba, akwai jami'a a jihar Bauchi da sunan Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958 bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Jikokin waɗanda suka ɗaure su suna cikin masu yabonsu, kuma ba lallai ne munafunci suke yi ba. Sun tashi sun tarar kowa na yabo.

Santsi da taɓo

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ta masu sarauta ce kawai. Jam'iyyar masu tsage gaskiya ma ba ta tsira daga gare ta ba. A 1980 PRP ta dare biyu, bayan gwamnoninta sun ƙi bin umarnin uwar jam'iyya a kan hulɗarsu da gwamnonin wasu jam'iyyu. Waɗanda suka tsaya tare da Malam aka kira su 'yan taɓo, waɗanda suka bi gwamnoni aka kira su 'yan santsi. Samarin da aka koya wa cewa babu wanda ya fi ƙarfin a gaya masa gaskiya, da suka gaya wa nasu shugabannin abin da suke gani gaskiya ne, sai aka ce sun yi wa uba rashin kunya, aka kore su daga jam'iyya. Su ma ba su raga wa masu sukarsu ba.

A Yulin 1981 gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ran 10 ga wata tarzoma ta ɓarke, aka ƙone gine-ginen gwamnati da dama, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa. Birnin da ya zaɓi PRP shekara biyu kafin nan shi ne aka yi wannan a cikinsa. Sarkin da aka tuhuma ya shekara 18 yana tara nasa asusun a wurin Kanawa, ba shi da kotu ba shi da gidan yari, kuma mutane da yawa da suka ƙi En'en jiya ba su ga dalilin a ci masa fuska ba. A zaɓen 1983 Rimi ya tsaya a jam'iyyar NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

Wannan tarihi bai ce duk mai kaifin baki yana da gaskiya ba. Akwai wanda rashin tarbiyya ne kawai ke damunsa, kuma baki shi ke yanka wuya. Abin da ya nuna shi ne jin daɗi ko ɓacin ran da muke ji idan wani ya faɗi abu kai tsaye ba ma'aunin gaskiyar abin ba ne. Sau da yawa ma'aunin matsayin mai maganar ne a idon waɗanda muke so su gan mu da kyau.

Yawancin masu karanta wannan suna zama a tarurrukan ofis ko na jami'a ko na asibiti. Kowa ya san babban da in ya yi magana gatsal a ce ai shi haka yake, ba ya ɓoye-ɓoye, da kuma ƙaramin ma'aikacin da in ya faɗi rabin wannan a ce yaron nan ba shi da ladabi. Ranar da ƙaramin ya yi magana aka yi tsit, kowa yana satar kallon shugaba don ya ga yadda zai karɓa kafin ya san abin da shi kansa yake ji, yana da kyau mutum ya tambayi kansa: da daga bakin babban ta fito, da na ƙi ta? A 1950 masu sauraro suna da uzurin alƙali da ɗan doka. Mu abin da muke tsoro bai wuce a ɗaure mana fuska a ofis ba.